Lacca: Haɗin Gwiwar Jami'o'in Amurka a Kan Giɓin Sankara Tsakanin Baƙar Fata da Farar Fata

Assalamu alaikum. Shugaban taro, malamaina, 'yan uwa ɗalibai, ina godiya da wannan dama. Abubuwa uku zan tattauna a kansu: girman matsalar, yadda jami'o'i suka haɗa kai a kanta, sai kuma horar da matasan masu bincike. Waɗanda ke baya, in ba ku jin muryata ku ɗaga hannu.

Girman matsalar ba zai ɗauke mu lokaci ba. A Amurka, mata baƙar fata ba su fi farar fata kamuwa da sankarar mama ba, amma mace-macen da take yi a cikinsu ya zarce na farar fata da kusan kashi 40 cikin ɗari. Maza baƙar fata kuwa, mutuwar da sankarar furostet (wani ƙullutu da ke ƙasan mafitsarar namiji) ke yi musu ta kai kimanin ninki biyu na ta farar fata. Ƙasa ɗaya ce, asibitocin kuma suna nan, amma wani ana gano cutarsa da wuri, wani sai ta ci jikinsa.

Abu na biyu. Cibiyar Nazarin Sankara ta gwamnatin Amurka, NCI, ta fito da wani tsari a farkon shekarun 2000 na ba da tallafi ga jami'o'i biyu ko uku a tare: babbar cibiyar sankara mai kayan aiki da kuɗi, da kuma jami'ar da aka kafa tun asali domin baƙar fata. A birnin Nashville, Kwalejin Likitanci ta Meharry, wadda aka kafa a 1876, ta haɗu da Jami'ar Vanderbilt, daga baya Jami'ar Jihar Tennessee ta shigo. Akwai kuma haɗin Makarantar Likitanci ta Morehouse da ke Atlanta, da Jami'ar Alabama da ke Birmingham, da Jami'ar Tuskegee.

Tuskegee. Ku riƙe wannan suna, don a nan zan daɗe. Daga 1932 zuwa 1972, hukumar lafiya ta gwamnatin Amurka ta bi maza baƙar fata 600 a yankin Macon na jihar Alabama, inda Tuskegee take, 399 daga cikinsu suna ɗauke da tunjere, ba a kuma taɓa gaya musu sunan cutarsu ba, sai dai a ce jininsu ne ba shi da kyau. Penisilin ya samu, ya zama sanannen magani tun shekarun 1940, aka ƙi ba su, domin kawai a ga yadda cutar ke cinye mutum. Shekara 40! Talakawan manoma ne, ana ɗauko su a mota, a ba su abinci, a yi alkawarin kuɗin jana'iza. Sai a 1997 Shugaba Clinton ya nemi gafara a madadin gwamnati. To, jama'a, wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Jikan ɗaya daga cikin mutanen nan, ka zo masa da farar riga da takarda ka ce ya sa hannu a gwada sabon maganin sankara a jikinsa, me kake tsammanin zai ce maka? Shi ya sa har yau baƙar fata ba su da yawa a gwaje-gwajen magungunan sankara, alhali sun kai kusan kashi 13 cikin ɗari na al'ummar ƙasar, kodayake sau da yawa ma ba a gayyatar su ne tun farko. Maganin da ba a gwada a jikinka ba kuwa, da wane tabbaci za a ba ka?

A ganina wannan ne zuciyar haɗin gwiwar. Babbar jami'a tana da na'urori, ƙaramar tana da amanar jama'a, kuma amana ba a sayen ta da tallafi. Ɗalibar da ta tashi a unguwar, ita ce za ta zauna a zauren coci bayan ibadar Lahadi, ta buɗe takardar amincewa layi-layi, ta ce wa dattijuwa: "Mama, duk ranar da kika ga dama kina iya janyewa, ba wanda zai hana ki magani." Haka ake shiga shagunan aski a yi wa maza bayanin furostet. Kuma Tuskegee ɗin nan da aka yi ta'asar a gindinta, ita ce yanzu ke da cibiyar ɗa'ar bincike, ita ke sa ido. Na maimaita: amana, amana.

Na ga shugaba yana duban agogo. Na huɗu, au, na uku, horarwa: rahoton Flexner na 1910, wanda ya tantance makarantun likitanci a Amurka, ya jawo rufe makarantun likitanci biyar cikin bakwai na baƙar fata, Howard da Meharry kaɗai suka tsira, kuma wannan asara ce ake ƙoƙarin cikewa ta hanyar tura ɗalibai ɗakunan bincike da koyar da su neman tallafi da kansu.

Wata ɗaliba ta tambaya: "Malam, shin talauci da wariya ne kaɗai, ko akwai gado a jini?"

Madalla da tambayarki, 'yata. Mafi yawan giɓin daga talauci ne, da rashin inshora, da jinkirin gano cuta. Amma akwai wani mugun nau'in sankarar mama wanda ba shi da ko ɗaya daga cikin wurare uku da magunguna suka saba cafkewa, kuma ya fi yawa a mata baƙar fata. Nan bincike ya ƙetaro teku zuwa gare mu. Farfesa Olufunmilayo Olopade, wadda ta karanta likitanci a Ibadan, ta haɗa Jami'ar Chicago da Ibadan a kan sankarar mama. Dakta Lisa Newman kuma ta yi aiki da Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye da ke Kumasi, da likitoci a Addis Ababa, aka ga nau'in ya fi yawa a matan Ghana, baƙar fatar Amurka na biye, matan Habasha kuma sun fi kusa da farar fata. Kin san daga Afirka ta Yamma aka kwashi mafi yawan kakannin baƙar fatar Amurka. Saboda haka tsokar da aka yanko daga jikin wata mata a Kumasi tana amsa tambayar wata a Alabama. Abin da nake so jami'o'inmu su tsaya a kai shi ne, duk yarjejeniyar da za a ɗauki samfurin majiyyatanmu, a rubuta a cikinta ɗalibai nawa za a horar mana da kuma inda sakamakon zai koma. Akwai wata tambaya?