Jawabin Maraba ga Mai Girma Sanata a Ziyararsa ga Ma'aikatan Agajin Gaggawa a Kano

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu, sallallahu alaihi wa sallam, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Mai Girma Sanata, babban baƙonmu na yau, ɗan kwamitin sadarwa a Majalisar Dattawa. Mai Girma Hakimi, uban taro, Allah ya ja zamaninka. Malamanmu da iyayenmu. Shugabannin 'yan kasuwa. 'Yan'uwana ma'aikatan kwana-kwana, direbobin motocin asibiti da ma'aikatan jinya, jami'an kiyaye haɗurra, 'yan sanda da Sibil Difens, 'yan agajin ƙungiyoyin addini, 'yan jarida, jama'a maza da mata, assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranka ya daɗe, lale marhabin da zuwa birnin Dabo. Sannu da hanya, sannu da ɗawainiya, kai da 'yan rakiyarka. Ba mu da jan kafet a wannan fili, abin da muke da shi tabarma ce da rumfar tamfol, amma Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma ita kam ga ta nan ka gani a fuskokin mutanen da ke gabanka. Da yawa daga cikinsu daga aikin dare suka wuto nan ko gida ba su leƙa ba, don sun ji an ce wanda yake zama a inda ake tsara dokokin sadarwa zai zo ya saurare su. Ba kasafai ake zuwa wurinmu ba sai wuta ta riga ta cinye, an zo jaje. Kai ka zo babu hayaƙi babu jiniya. Mun gode, Allah ya saka da alheri.

'Yan'uwa sun ɗora mini nauyin yi maka maraba, kuma sun ce kada in zauna sai na kai maka kukansu. Za ka yi tsammanin in fara da motoci ko ruwa ko albashi. Duk muna bukata, kuma suna cikin takardar da za mu miƙa. Amma bakinmu ya zo ɗaya a kan cewa abin da ya fi dacewa da kunnenka yau shi ne maganar sadarwa, wato yadda mai aikin ceto zai yi magana da ɗan'uwansa a lokacin da rai yake hannun Allah.

Ka ba ni dama in ba ka labarin wani dare. Cikin hunturu ne, iska tana kaɗawa, wuta ta tashi a wata kasuwa wajen ƙarfe ɗaya. Muka isa da mota ɗaya, muka tarar layin shaguna biyu sun riga sun kama. Kafin mu gama shimfiɗa mesa, masu shaguna da 'yan'uwansu da 'yan kallo sun cika titi maƙil, kowa waya a kunne, wannan yana kiran maigidansa, wancan yana ɗaukar bidiyo yana turawa. Ruwan tankinmu ya kusa ƙarewa. Na ciro wayata, tawa ta kaina da katin da na sa da kuɗina, don in kira a turo mota ta biyu. Hannuna a jiƙe, gilashin wayar ya ƙi jin yatsana, na goge a wuyan rigata, na danna. Kira ya ƙi shiga. Na sake, ya ƙi. Ga sabis a cike a fuskar wayar, amma babu hanya. Oba-obar da ke ƙuguna kuwa ba ta kaiwa ɗaya tashar, kuma ba ta jin ta 'yan sandan da nake hangowa a bakin ƙofa, don zangonsu daban namu daban. Ƙarshe wani matashi mai babur na roƙa, na gaya masa saƙo da baki, ya tafi a guje. Kafin ruwa ya iso, wuta ta tsallaka layi na uku.

Wannan ma dukiya ce, Allah yana mayarwa. Abin da har yau yake hana ni barci shi ne, a daren nan akwai yaronmu ɗaya a can cikin lungu riƙe da bakin mesa. Ni daga waje ina ganin kwanon da ke kansa yana lanƙwashewa, shi ba ya gani saboda hayaƙin leda da na atamfa. Ba ni da abin da zan gaya masa ya fito da shi sai usur da ihu, a cikin hayaniyar dubban mutane. Allah ya sa da sauran kwanansa, wani abokin aikinsa ya kutsa ya janyo shi ta bel. Yana nan zaune a layi na biyu, tabon yana nan a bayan wuyansa.

Ranka ya daɗe, ba laifin 'yan kasuwar ba ne. Wanda dukiyarsa ke ci da wuta dole ya kira mutanensa. Kowane turken sabis yana da iyakar kiran da zai iya ɗauka a lokaci guda, kamar yadda titi yake da iyakar motocin da zai ɗauka, kuma inda masifa ta sauka nan jama'a suke taruwa, nan layi yake cunkushewa. A kan kwalta an san da wannan, shi ya sa aka ba motarmu jiniya, in ta taho kowa ya kauce. A iska kuwa, kiranmu ba shi da jiniya. Layi ɗaya muke bi da mai gaisuwa da mai tura hoto.

Abin da muke roƙo ke nan: hanyar sadarwa ta wayar hannu mai ɗaukar intanet mai ƙarfi, wadda aka keɓe wa masu aikin ceto. A ba ta zangonta a iska. A sa mata ƙa'idar cewa duk sa'ad da turke ya cika, kiran mai ceto ne a gaba, ko da za a sauke wani kiran don nasa ya wuce. Kuma ta zama guda ɗaya tsakaninmu duka, ta yadda ɗan kwana-kwana zai danna maɓalli ɗaya, direban motar asibiti da ɗan sanda da jami'in kiyaye haɗurra su ji shi tare.

Wani zai ce ai oba-oba ta isa, a gyara ta kawai. Oba-oba murya take ɗauka, kuma muna ƙaunarta, ba za mu yar da ita ba. Amma murya ba ta nuna wa direba taswirar lungunan Kantin Kwari ko na Sabon Gari, kasuwar da ta yi asarar dubban shaguna a gobarar watan Maris na 2016. Ba ta nuna masa inda rijiyar burtsatse mafi kusa take. Ba ta nuna wa kwamanda a allo inda kowane yaronsa yake tsaye a cikin hayaƙi. Ma'aikaciyar jinya da ke bayan mota da mai naƙuda tana zubar da jini tana bukatar likita ya ga abin da take gani tun suna hanya, ya sa a tanadi jini kafin su iso. Ku tuna daren 15 ga Oktoban 2024, da tankar mai ta fashe a Majiya ta ƙaramar hukumar Taura a Jihar Jigawa, mutum fiye da 150 suka riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. An yi ta kwasar waɗanda suka ƙone zuwa Ringim da Haɗeja, wasu har nan Kano. A irin wannan dare, sanin asibitin da yake da sauran gado tun kafin mota ta tashi yana iya zama bambancin rai da ajali. Haka ranar 10 ga Satumban 2024, da madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya shanye Maiduguri. Mai kwalekwale yana bukatar hoton da jirgi marar matuƙi ya ɗauko daga sama, ya ga rufin da mutane suka maƙale a kai. Duk wannan aikin intanet ne mai ƙarfi, wanda ba ya yankewa don jama'a sun yi yawa.

Ba mu muka fara shan wannan wuya ba. Ranar 11 ga Satumban 2001, da aka kai hari kan dogayen benayen nan biyu a birnin New York na Amurka, 'yan kwana-kwana 343 suka rasu. Bayan bene na farko ya rushe, 'yan sandan da ke cikin jirgi mai saukar ungulu sun ga alamar na biyun ma ba zai daɗe ba, suka yi gargaɗi ta rediyonsu. 'Yan sanda suka ji. Da yawa daga 'yan kwana-kwanan da ke ciki ba su ji wannan gargaɗin ba, don rediyonsu daban ne. Duk sa'ad da na tuna wannan, yaronmu na cikin lungu nake gani. Kwamitin da ya binciki harin ya ba da shawara a 2004 cewa a ware wa masu ceto zango a iska. Sai a 2012 majalisar dokokin ƙasar ta yi dokar da ta kafa hukumar FirstNet, ta ba ta zango mai faɗin megahaz 20 da kuɗi dala biliyan 7. A 2017 aka ƙulla yarjejeniyar shekara 25 da kamfanin waya na AT&T ya gina hanyar ya kuma kula da ita. Ba su kafa sababbin turaku tun daga tushe a ko'ina ba, a kan na kamfanin suka ɗora, kuma suka tanadi motoci masu ɗauke da turke da ke haɗuwa da tauraron ɗan'adam, waɗanda ake turawa inda guguwa ko wutar daji ta kayar da sabis. Abin da nake so ka riƙe a nan, ranka ya daɗe, shi ne daga majalisa aikin ya fara, daga irin kujerar da Allah ya ɗora ka a kai.

Amma zan ci amanar 'yan'uwana in na nuna maka kamar sayen kaya shi ne ƙarshen magana. Koriya ta Kudu ta gina tata hanyar bayan jirgin ruwan Sewol ya nitse a watan Afrilun 2014, mutum 304 suka mutu, yawancinsu 'yan makarantar sakandare. An kammala ta a 2021. Da turmutsutsu ya auku a unguwar Itaewon ta birnin Seoul a ƙarshen Oktoban 2022, mutum 159 suka mutu, jami'an gwamnati da kansu suka amsa cewa hukumomin ba su yi amfani da hanyar tsakaninsu yadda ya kamata ba a daren. Na'ura tana hannu, amma hannun bai saba da ita ba. Mu ma a gida muna da namu tabon. A 2010 gwamnatin tarayya ta ba da kwangilar dala miliyan 470 don kyamarorin tsaro a Abuja da Legas da hanyar sadarwar jami'an tsaro, yawancin kuɗin bashi ne daga ƙasar Sin, daga baya Majalisar Wakilai ta yi ta binciken dalilin da ya sa aikin bai amfanar ba. Ba ma so a maimaita. In za a yi, a sa kuɗin kula da shi a cikin doka tun farko, da na horarwa, da na sola da batir, don turken da babu wuta ƙarfe ne kawai a tsaye. Kuma a zauna da mu kafin a saya, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wayar da za ta yi mana aiki ita ce wadda ake dannawa da safar hannu, wadda ba ta tsoron ruwa, wadda za mu riƙa amfani da ita kullum a ƙananan ayyuka har ta zama jiki.

Ba za mu ƙi faɗin alheri ba. Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta samar da lamba 112 kyauta, ta gina cibiyoyin karɓar kiran gaggawa a jihohi da dama, har da tamu. A 2024 kuma Shugaban Ƙasa ya sa hannu a kan umarnin da ya sa turakun sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da dole a kare. Mun yaba. Sai dai 112 tana kawo kukan talaka ne zuwa ƙofarmu. Daga ƙofarmu zuwa bakin wuta, da tsakaninmu a bakin wutar, nan ne gibin yake.

Akwai kuma abin da mu 'yan Arewa muka gani da idonmu. A watan Satumban 2021 an rufe sabis a Jihar Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, daga baya aka rufe a wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna. Ba na nan don in yi hukunci a kan matakin, masu tsaro sun san dalilinsu. Amma layin da aka rufe wa ɗan bindiga, shi ne dai layin direban motar asibiti. Da masu ceto suna da tasu hanyar, da an rufe ta jama'a an bar musu tasu a buɗe.

Mun san babban aiki ne, ba na shekara ɗaya ba. Shi ya sa muke roƙon, kafin doka ta fito a ware zango, a fara da abin da hannu zai kai. A umarci kamfanonin waya su ba ma'aikatan ceto da aka tantance layuka masu fifiko a kan turakun da ake da su yanzu. A gwada a manyan kasuwannin Kano da kan hanyar Zariya, a ga abin da zai haifar. A samar da ko da motar turke ɗaya a kowace shiyya kafin damina ta kama, tun da ba a fafe gora ranar tafiya. Kuma kada a manta da ƙauyukan da har yau sai mutum ya hau tudu ko bishiya kafin ya samu sabis, can ne mai ciki da wanda maciji ya sara suka fi nisa da taimako.

Ranka ya daɗe, gani ya kori ji. In an tashi daga nan, muna roƙon ka taka da ƙafarka zuwa ɗakin karɓar kira da ke bayan rumfar nan. Za ka tarar da tebur, da littafin rajista, da wayoyi uku a jikin caja, biyu daga ciki na ma'aikatan ne na kansu. Yaron nan da na ba ka labarinsa shi zai yi maka jagora, ya ce yana so ya gaya maka sauran da bakinsa.

Muna sake yi maka barka da zuwa. Allah ya yi maka jagora a kan amanar da ke wuyanka, ya tsare mana garuruwanmu daga gobara da ambaliya, ya jiƙan 'yan'uwanmu da suka rasu a bakin aiki, ya mayar da kai da tawagarka gida lafiya.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.