Yadda garin St. Moritz ya mayar da sanyi kasuwa

(An rubuto wannan ne daga rikodin laccar da aka gabatar a Bauchi, gaban matasa ma'aikatan otal da masu rakiyar baƙi zuwa gandun dajin Yankari)

Assalamu alaikum, jama'a barkanmu da yamma, na baya ku ɗan matso gaba don lasifikar nan ba ta kaiwa can sosai.

Toh yau zan ɗauke ku ne mu je wani gari da ake kira St. Moritz a ƙasar Suwizalan, can cikin tsaunukan Alps, tsayinsa daga teku wajen mita 1,800 ne, mazaunansa kuma ba su wuce 5,000 da 'yan kai ba, amma duk inda ake maganar wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara, wato mutum ya ɗaura dogayen katakai biyu a ƙafa ya sulalo daga kan dutse, to sai an ambaci garin nan. Na san wani zai ce Malam mu da ke Bauchi ina ruwanmu da ƙanƙara. Ku dai bari ku ji tukuna.

Asali fa ruwa ne ya fara kai mutane wurin. Akwai wani marmaro mai sinadarin ƙarfe da ake sha ake wanka da shi don neman lafiya, har an tono katakon da magabata suka kewaye idon ruwan da shi, ya haura shekara 3,000. Kun ga kenan kamar marmaron Wikki ɗinmu na Yankari. Baƙi su zo lokacin zafi, sanyi na shigowa kowa ya tattara nasa ya nasa, a garƙame otal, ma'aikata su koma gida su zauna, matasan kwarin Engadin, inda garin yake, ma da yawa cirani suke tafiya Italiya suna sana'ar kayan zaƙi.

Sai ga wani mai otal, Johannes Badrutt, mai otal ɗin Kulm. Labarin da mutanen garin ke bayarwa shi ne a 1864, wasu baƙinsa Turawan Ingila na shirin komawa gida sai ya ce musu ku dawo a tsakiyar sanyi, in ba ku ji daɗi ba ni zan biya kuɗin zuwanku da komawarku. Ku tsaya ku duba maganar nan da kyau don nan ne gaba ɗaya laccar take. Mutumin nan ya san garinsa ne ciki da bai, ya san cewa a watannin da Landan ke cikin hazo da hayaƙin gawayi mutane na ta tari, su a saman dutsen nan rana ce tarwai, iska busasshiya, mutum zai zauna a baranda yana shan hantsi alhali ko'ina fari fat da ƙanƙara, abin da 'yan garin ke gani kullum har ba su ɗauke shi a bakin komai ba. Suka dawo wajen Kirsimeti, ba su tafi ba sai Ista.

Baƙin da suka zo zama ya ishe su sai suka fara ƙirƙiro wasanni. A sanyin 1884 zuwa 1885 aka gina Cresta Run, wata hanyar ƙanƙara mai kwana-kwana da mutum zai kwanta rub da ciki a kan ɗan ƙaramin keke mara taya, kansa a gaba, haɓarsa dab da ƙanƙara, ya gangaro a guje har ƙauyen Celerina, kuma har yau duk shekara sabuwa ake ginawa tunda zafi na zuwa take narkewa. Shi kuma Badrutt bai zauna ba, ya ga fitilar lantarki a baje kolin Paris, ya dawo ya kafa ɗan inji a bakin rafi, zuwa 1879 otal ɗinsa na da wuta, ta farko a duk ƙasar. Jirgin ƙasa ya iso garin a 1904, kafin nan sai a keken doki ake hawowa yini guda, kuma abin mamaki jihar tasu ta Graubünden ta hana mota hawa titi har sai 1925. Aka sa jirgin da ke jan mutane zuwa saman dutse, aka karɓi gasar Olamfik ta sanyi a 1928, aka sake karɓa a 1948 bayan yaƙin duniya na biyu tunda yaƙin bai taɓa ƙasar ba.

Amma wanda ya fi burge ni wallahi shi ne makarantar koyar da zamiya da suka buɗe a 1929, ita ce ta farko a ƙasar. Ɗan manomin da ya tashi yana yawo a dutsen nan ya zama malami, attajiri daga Ingila ya tsaya a gabansa yana bin umarni yana biya. Ku masu rakiyar baƙi, sanin da kuka yi wa dajin nan, inda giwaye ke sauka shan ruwa a kogin Gaji da wane lokaci, ilimi ne, kar ku yarda wani ya raina shi kuma ku ma kar ku raina.

Ba wai komai lafiya lau ba ne a can fa. Masu kuɗi sun saye gidaje suna rufewa sai 'yan makonni a shekara, haya ta yi tsadar da mai dafa abinci da mai gyaran ɗaki sai sun nemi wurin kwana a wasu ƙauyukan, abin ya kai a 2012 'yan ƙasar suka kaɗa ƙuri'ar cewa irin waɗannan gidajen kar su wuce kashi 20 cikin 100 a kowane gari. Wannan ya dame ni sosai, don in baƙo ya ji daɗi ɗan gari ya rasa wurin zama to ban ga ribar ba. Ga kuma ɗumamar yanayi, ƙatuwar ƙanƙarar Morteratsch da ke kusa da su ta ja baya sama da kilomita 2, yanzu har da injina ake fesa dusar ƙanƙara a kan hanyoyin wasan.

Toh mu dawo gida. An buɗe Yankari ga jama'a tun 1962, kuma kowa a ɗakin nan ya san da rani ake cika, damina na sauka ciyawa ta yi tsawo, dabbobi su watsu cikin daji tunda ruwa ko'ina, ɗakuna su zama wayam. Amma Wikki na nan da ɗuminsa digiri 31 rani da damina, tsuntsaye sama da iri 350, ga kogunan dutse na Marshall, ga rijiyoyin Dukkey. Ina so kowa ya rubuta min abu ɗaya da ya taɓa gani a dajin nan a watan Agusta wanda baƙon Janairu ba zai taɓa gani ba, za mu karanta su bayan sallar Magariba. Kafin nan mai tambaya ya ɗaga hannu, malama ta can gefe bismillah.