Jawabin Maraba ga Mai Girma Kwamishinan Aikin Gona, Daga Manoman Yankin Minjibir

Assalamu alaikum warahmatullah.

Mai girma Kwamishina, ranka ya daɗe. Mai girma Hakimi, Allah ya ja zamaninka. Dagatai da masu unguwanni, malaman gona, iyayenmu maza da mata, barkanmu da wannan rana. A madadin manoman wannan yanki, ina yi wa babban baƙonmu lale marhabin, sannu da hanya.

Ranka ya daɗe, tabarmar nan da ka gani shimfiɗe a bakin rumfa, irin da muka gada ne a kanta: kaura da farafara, gero da maiwa, waken kanannado da na ɗan ila, ga gurjiya da riɗi. Yawancinsa daga ɗakunan tsofaffin mata ya fito, domin su ne ba su yi sakaci da shi ba.

Tun a gona ake fara wannan aiki. Lokacin girbi manomi yakan zaɓi zangarniyar da ta fi cika, wadda burtuntuna ba ta taɓa ba, ya ɗaure ta daban ya rataye a rumbu. Wake kuwa uwargida za ta cakuɗa shi da toka, ta zuba a tulu, ta liƙe bakin da laka. Duk tsananin bazara, ba a dafa iri.

Kuma kowane iri da aikinsa. Gero ne ke fitar da mu daga yunwa tun dawa ba ta nuna ba. Kanannado yana da jinkiri, amma harawarsa ce ke riƙe mana tumaki har ƙarshen rani. Dattawan da ke zaune nan sun ga farin 1973 da na 1984, sun kuma ga annobar da ta cinye gyaɗa a 1975. Wanda ya gauraya shukarsa, in ɗaya ta ƙi, ɗaya takan yi.

Ba ma ƙin sabon iri. Mun shuka geron sosat, mun karɓi wake mai jure wuta-wuta, gonar gwajin IITA, cibiyar binciken aikin gona ta ƙasa da ƙasa, ma a nan Minjibir take, mun kuma amfana. Abin da ke damunmu shi ne na gida yana ɓacewa a kan idonmu. Talauci ya sa wasu sun cinye irinsu, sai ruwa ya sauka su ruga kasuwa su auno abin da ba su san asalinsa ba. Akwai dawar da yanzu sai dai a faɗi sunanta a hira. Alhali a Ibadan, IITA tana ajiye da nau'in wake fiye da 15,000, ga kuma NACGRAB, cibiyar gwamnati mai adana irin ƙasar nan. Ya kamata a ce mu ma da muke noman muna da tamu ma'ajiyar.

Roƙonmu ke nan, ranka ya daɗe: a taimaka mana da ɗakin ajiyar iri na gari, inda manomi zai ranta da damina ya mayar da kaka, tare da buhunan PICS, masu hana iska shiga, saboda ƙwari. A sa malaman gona su zauna da tsofaffinmu su rubuta sunan kowane iri da halinsa tun suna raye. Wanda ya ɓace mana kuma, in yana can a ajiye, a dawo mana da ko da cikin tafin hannu ne, mu za mu yaɗa shi.

Mun gode da wannan ziyara. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya mai da kai da tawagarka gida lafiya.

Wassalamu alaikum.