Amsoshin Tambayoyinku: Tikiti, Lasisin Kura da Gefen Titi

Mai gabatarwa: Jama'a masu saurare, assalamu alaikum, barkanmu da war haka. Yau wasiƙun masu sana'ar gefen titi ne suka cika mana tebur: 'yan kura, masu baro, masu shayi, 'yan garuwa. Muna tare da lauya, lokaci kuma ba ya jira. Barista, barka da zuwa.

Barista: Barka kadai, Malam.

Mai gabatarwa: Wani mai lemo da kankana daga Kurna yana tambaya, sai ya yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni, kafin ya tura baronsa?

Barista: A'a. Wannan ta kamfani ce da mai son sa wa kasuwancinsa suna na musamman. Wanda ke sana'a da sunansa na yanka ba ta hau kansa ba.

Mai gabatarwa: To ka ji, tura baronka. Yanzu ga wadda za mu daɗe a kanta, domin irinta ta zo daga Rijiyar Lemo, ta zo daga Hotoro, har daga Zariya. Na zaɓi ta wani ɗan kura daga Ɗorayi mai dakon kaya a Kasuwar Singa. Ya ce: "Kullum da safe sai na yanki tikiti. Ran nan na tsaya bakin titi ina jiran mai kaya, sai wasu suka zo suka jefa kurata a mota. Na ciro tikitin na nuna, suka ce ba ruwansu da shi. Sai da na biya kuɗi aka sakar mini ita, babu ko rasit. Malam, tikitin nan na mene ne?" Barista, na mene ne?

Barista: To, ai abin yana da asali. Ka san tun zamanin En'e akwai kuɗin kasuwa, akwai Sarkin Kasuwa, akwai kuma duba-gari masu leƙa randa da kwata. Da aka yi gyaran ƙananan hukumomi a 1976, sai waɗannan ayyuka suka koma hannunsu. Yanzu Kano kaɗai tana da ƙananan hukumomi 44, takwas daga ciki a cikin ƙwaryar birni da kewaye: Birni, Fagge, Dala, Gwale, Tarauni, Nasarawa, Kumbotso, Ungogo. Mutum zai tashi daga Gwale, kafin azahar ya ratsa uku. A ƙasashen da suka ci gaba kuwa...

Mai gabatarwa: Barista, a gafarce ni, kada mu tsallaka teku. Bawan Allah nan kurarsa aka ɗauka.

Barista: Haka ne, ina zuwa. Kundin Tsarin Mulki na 1999, a Jadawali na Huɗu, ya jera ayyukan ƙaramar hukuma. A ciki akwai ba da lasisin keke, da kwalekwale, da baro, da amalanke, da duk abin dakon da ba inji ke jan sa ba. Akwai kula da kasuwanni da tashoshin mota, da shaguna da kes-kes, da wuraren sayar da abinci. Saboda haka kuɗin kura haƙƙin ƙaramar hukuma ne. Amma lasisin kura izini ne na yin aiki da ita. Bai ba ka izinin tsayawa a kan kwalta ba. Titi yana da nasa masu kula: a Kano akwai KAROTA kan zirga-zirgar ababen hawa, akwai KNUPDA kan tsara birni, ita ake nema idan za a kafa kes ko kwantena a gefen hanya.

Mai gabatarwa: Bari in maimaita, domin nan ne gizo ke saƙa. Tikiti daban, wurin tsayawa daban. Wanda ya yanka maka tikiti bai sayar maka da titi ba. Ka biya na kura, ka biya na kasuwa, amma in ka tare hanya, wata hukuma ce za ta zo, kuma takardar da ke aljihunka ba tata ba ce. Tikiti daban, wurin tsayawa daban. Sai dai Barista, batun kuɗi ba rasit fa?

Barista: Wannan kam ba ya bisa ƙa'ida. Tara tana da rasit, tana da lamba, tana da asusun da take shiga. Tun 1998 gwamnatin soja ta fitar da dokar da ta jera harajin da kowane mataki na gwamnati zai karɓa, ta ce hukumar haraji kaɗai ke karɓa, ta kuma hana kafa shinge a hanya don karɓar haraji. Ka duba takardar da aka ba ka: sunan hukuma, kwanan wata, adadin kuɗi, hatimi. In an kama kayanka, kada ka yi kokawa. Ka tambayi ofishin da za a kai su, ka nemi shugaban ƙungiyarku ku je tare. In abin ya faskara, akwai Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a ta tarayya, tun 1975 take, kuma ba a biyan ko sisi don shigar da ƙorafi.

Mai gabatarwa: Ni kuma in ƙara da nawa. Ɗan'uwa, tikitin nan da kuke cusawa a aljihun gaba, gumi ya jiƙa shi, kafin la'asar tawadar ta goge, ba ya kare kowa. Sa shi a 'yar leda, ɗaure a hannun kurar, na jiya da na shekaranjiya ma a ajiye. Ra'ayina kuwa, kuma na faɗa da babbar murya: duk hukumar da ta iya aiko yaro da ɗaurin tikiti kowace safiya, ta iya shata wa mutanen nan wurin tsayawa. Mutumin da ke tura buhu goma a tsakar ranar bazara don ya kai cefane gida bai cancanci a karɓi kuɗinsa da safe a kore shi da rana ba. Ku ma masu tebur, ku ji tsoron Allah. Wani sai ya ci rabin kwalta da tiren mangwaro, motar asibiti na ta jiniya a baya, shi yana ƙirga canji. Wannan ba neman halal ba ne kaɗai, akwai haƙƙin mutane a ciki.

Saura minti uku. Wani matashi daga Gaya zai tafi Legas tallar ruwa da biskit a cikin cunkoson motoci, yana neman shawara.

Barista: Ya yi hattara. Legas tana da dokar hana kasuwanci a kan titi tun 2003, kuma a watan Yulin 2016 gwamnatin Ambode, gwamnan jihar na lokacin, ta sanar da tsaurara ta: tarar naira dubu 90 ko ɗaurin wata shida, mai saye da mai sayarwa duka. Abuja ma hukumar muhalli ta AEPB tana kamen masu talla a cikin birni.

Mai gabatarwa: Ka ji, ƙanena. In tafiyar ta zama dole, ka nemi 'yan'uwa a Agege ko Mile 12 su sama maka gurbi a cikin kasuwa.

Hajiya mai zoɓo da kunun aya daga Gyaɗi-Gyaɗi tana tambayar ko sai ta nemi lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna. Hajiya, in kin fara ɗurawa a gora da tambarinki kina rarraba wa kantuna, ki je ki yi rajista. Kin kuma yabi zoɓon nan shafi guda cur, amma ba mu ga ko gora ɗaya ba.

Wata baiwar Allah ta ce 'yarta mai shekara tara tana tallar gyaɗa a tasha, ko akwai takardar da za ta kare ta daga kamu?

Barista: Babu. Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003, sashe na 30, ta hana ɗora wa yaro talla.

Mai gabatarwa: Yaya, ba kamu ne abin tsoro ba a tasha ga yarinya 'yar shekara tara. Na san halin da ake ciki, amma ki fitar da tiren ƙofar gida, ita kuma ta tafi makaranta, don Allah.

Injiniya yana ɗaga mini hannu. Masu POS da kuka tambayi batun kafa lema a bakin hanya, wasiƙunku na nan, da su za mu buɗe a mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Barista, mun gode. A huta lafiya.