Daga ina bishiya take samo nauyinta?

Masu kallo, barkanmu da warhaka. Ga tambaya: ƙatuwar bishiyar nan da mutum uku ba sa iya rungume gindinta, daga ina ta samo wannan jiki? Yawancinmu za mu ce daga ƙasa mana.

Wani masani daga yankin da yau ake kira Beljiyam, Jan van Helmont, ya taɓa gwadawa. Ya zuba busasshiyar ƙasa kimanin kilo 90 a tukunya, ya dasa ɗan icce mai nauyin kilo 2 da ɗoriya, ya shekara 5 ba ya ba shi komai sai ruwa. Da ya auna, iccen ya kai wajen kilo 77. Ƙasar fa? Abin da ya ragu a cikinta bai wuce giram 60 ba. An buga sakamakon a 1648, bayan rasuwarsa. Shi ya ɗauka ruwa ne ya zama itace, kuma bai kauce gaba ɗaya ba. Daga baya ne aka gano cewa ganye yana zuƙar iskar kabon, irin wadda muke fitarwa in mun yi numfashi, ya haɗa ta da ruwa da ƙarfin hasken rana, ya sarrafa sukarin da ake gina itace da shi. Kusan rabin nauyin busasshen itace kabon ne, daga iska ya zo.

To haka ilimi yake shiga mutum. Mu kan zuba ido kan abin da ake gani, takardar shaida da tulin littattafai, alhali abin da ke gina mai ilimi ba ya ɗaukar ido: bitar da ya yi kafin ya kwanta, tambayar da ya daure ya yi duk da kunya, gyaran da aka yi masa ya karɓa.

Yanzu ku dubi wannan kututturen da aka yanka. Tsakiyar nan mai duhu ta daina rayuwa tuntuni, aikinta kawai ta riƙe bishiyar a tsaye. Wurin da ake ƙara kauri wani siririn layi ne a ƙarƙashin ɓawo. Tsawo kuma a kan tsinin rassa ake ƙara shi, shi ya sa in ka buga ƙusa a jikin bishiya daidai ƙirjinka, ko bayan shekara 20 a nan za ka same ta. Abin da ka riga ka sani shi ke ɗauke da kai, ba musu, amma ƙaruwa tana can bakin abin da bai zauna maka ba tukuna, inda kake tuntuɓe. Mai maimaita abin da ya ƙware a kai kullum yana jin daɗi, amma ba ya gaba.

Sai batun iska. Ana cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, gaskiya ne, amma wasu iyaye da malamai suna wuce gona da iri. Dashen da aka ɗaure tamau a jikin turke yakan yi tsawo ya sirance, ranar da aka kwance shi sai ya langaɓe. Kaɗawar iska ce ke sa gindi ya yi kauri, saiwa ta kama ƙasa. Shi ya sa masu lambu suke sassauta ɗaurin, su bar dashen yana ɗan rausaya, da saiwa ta kafu kuma su cire turken.