Jawabin Maraba Ga Mai Girma Shugaban Ƙungiyar Masu Kamfanoni, Daga Malamai Da Ɗaliban Cibiyar Koyon Sarrafa Bayanan Kasuwanci

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma babban baƙonmu, Shugaban ƙungiyar masu kamfanoni da masana'antu, ranka ya daɗe. 'Yan tawagar mai girma Shugaba, iyayenmu da suka samu halarta, malamai, ɗalibai maza da mata, barkanku da zuwa, sannunku da hanya.

Ranka ya daɗe, ba sai mun tsaya gaya wa jama'a ko waye kai ba, duk wanda ke cikin zauren nan ya san ka, ya san yadda ka riƙe amanar 'yan kasuwa manya da ƙanana, ya kuma san maganarka ɗaya ce, in ka ce za a yi abu to a je a kwanta an gama. Ka bar harkokinka ka taka ƙafa zuwa wurinmu, wannan girma ne da ba za mu manta ba, Allah ya saka da alheri, ya ƙara ɗaukaka.

Mun san lokacinka a ƙurace yake, shi ya sa kwamiti ya ce kar a ajiye buƙatarmu sai ƙarshen jawabi, a faɗe ta tun yanzu. Muna roƙo ka sa baki kamfanonin da ke ƙarƙashin ƙungiyarka su buɗe wa ɗalibanmu ƙofa su je koyon aiki na wata shida, a ofis na gaske, a gaban bayanai na gaske. Ita ce ta tara mu yau, duk abin da za ka ji bayan wannan dalilanta ne.

Yallaɓai, kai ka fi mu sanin abin da mai kamfani ke so. Riba ta ƙaru, asara ta ragu, kwastoma ya tafi ya dawo, kaya kar su yanke a sito kuma kar su yi kwantai, ma'aikaci ya ga albashinsa daidai ranar da aka ce. To aikin da muke koyarwa a nan shi ne yadda ake sa kwamfuta ta bi waɗannan buƙatun. Kashiya ta ɗora kaya a na'ura ta karanta lambar jikinsu, a wannan daƙiƙar lissafin sito ya ragu da ɗaya, kuɗin ya shiga littafin akanta, mai yo oda ya ga saura nawa ya san ko lokacin kiran dila ya yi, manaja kuma yana zaune zai ga wane reshe ne ya yi ciniki yau wane ne ya yi sanyi, da ƙarfe nawa aka fi cika. In babu wannan haɗin sai ka tarar kowa da nasa littafin, mai sito ya ce kaya ɗari ne, akanta ya ce tamanin, a kwana ana musu ana zargin juna da sata alhali wataƙila risit ɗaya ne aka shigar sau biyu. Kuma duk shawarar da shugaba zai yanke, ƙarin reshe ne ko rage farashi ko cin bashin banki, a kan waɗannan alƙaluman zai ɗora ta, in karkatattu ne shawarar ma a karkace za ta fito.

Sana'ar nan tamu tana da asali, kuma muna alfahari da shi. Kwamfutar farko da aka fara gudanar da aikin ofis na yau da kullum da ita, wadda ake kira LEO, wani kamfanin shagunan shayi ne a Ingila mai suna J. Lyons ya gina ta, ta fara aiki a 1951, aikinta na farko shi ne lissafa darajar kayan da gidajen gashinsu ke fitarwa, daga baya ta koma har da biyan albashi. Abin lura a nan, ranka ya daɗe, waɗanda suka jagoranci aikin mutanen ofis ne da suka san takardun kamfanin ciki da waje, sun san inda lokaci ke ɓacewa, su suka gaya wa injiniyoyi abin da ake so na'urar ta yi. Kamfanin jiragen sama na American Airlines ya haɗa kai da kamfanin kwamfuta na IBM suka yi tsarin yankan tikiti na SABRE, zuwa 1964 ya kankama, ajiye kujerar jirgi da ke cin sama da awa ɗaya da hannu ya koma 'yan daƙiƙoƙi. A 1970 Edgar Codd na IBM ya fito da tsarin jera bayanai cikin teburori masu alaƙa da juna, daga nan aka samu SQL, harshen da ake zaƙulo bayanai daga teburorin da shi, wanda yaranmu ke koya a ajin farko. A 1972 wasu tsofaffin ma'aikatan IBM su biyar suka kafa SAP, kamfanin manhajar gudanar da kasuwanci, a Jamus. A 1974 aka fara karanta lambar jikin kaya a wani kanti a jihar Ohio ta Amurka. Shi kuwa Dan Bricklin ɗalibin kasuwanci ne a jami'ar Harvard, ya gaji da ganin yadda in an canza lamba ɗaya a lissafi sai an goge sauran duk an sake, shi ne ya haɗu da Bob Frankston suka fitar da manhajar lissafi ta VisiCalc a 1979, kakan Excel ɗin da yau babu ofishin da ba a buɗe shi. Duk ka duba za ka ga matsalar kasuwanci ce ta fara zuwa, sannan aka samu wanda ya fahimce ta ya kuma san na'ura.

Inda aka rasa irin wannan mutumin kuwa an ji jiki. A 1999 kamfanin cakulan na Hershey a Amurka ya yi gaggawar kunna sabon tsarinsa daidai lokacin da odar ƙarshen shekara ke shigowa, ba a gama gwaji yadda ya kamata ba, kaya na nan jibge a sito amma aka kasa kai wa diloli odar da ta kai kusan dala miliyan 100. A watan Yunin 2017 cutar kwamfuta ta NotPetya ta shiga Maersk, kamfanin jiragen ruwan dakon kaya na Denmark, ta tsayar da komai, sai da suka sake ɗora manhaja a kan saba 4,000, wato manyan kwamfutocin da ke riƙe bayanai, da kwamfutoci 45,000 cikin kwana goma, asarar ta kai dala miliyan 250 zuwa 300. Waɗannan manyan kamfanoni ne masu kuɗin farfaɗowa, matsakaicin kamfani in irin haka ta same shi wallahi sai dai a rufe.

Mu kuma namu tarihin a nan cibiyar, da aron ɗaki muka fara, da 'yan tsofaffin kwamfutoci da wasu ofisoshi suka yar muka kwaso muka gyara, ɗalibai na layi a kan guda ɗaya wani na dannawa saura na leƙe ta kafaɗarsa suna rubutawa a littafi. Akwai malamai a zaune a nan da suka yi watanni suna koyarwa ba ko sisi, wasu an yi musu tayin aiki mai tsoka a waje suka ƙi tafiya saboda yaran nan. Ba gwamnati ce ta kafa mu ba, ba wani attajiri ba ne, karo-karo ne da haƙuri. Kuma alhamdulillahi yau muna da ɗaliban da za su zauna su zana maka rumbun bayanan kamfani tun daga tushe, su haɗa maka rahoton ciniki a manhajar Power BI, su gano maka ta inda kuɗi ke zurarewa, kuma 'yan matanmu a wannan fannin ba a barsu a baya ba, sau da yawa ma su ke zuwa na ɗaya.

Amma fa muna da ƙorafi, kuma tunda Allah ya kawo ka gara mu faɗa a gabanka. Mun rubuta wasiƙu zuwa kamfanoni har mun gaji, yawanci ko amsar an karɓa ba ma samu. An taɓa yin wani babba da ya zo nan ya zagaya ya yaba ya yi alkawarin zai ɗebi yara, aka tafa masa aka ɗauki hoto, har yau shiru. Kamfani zai kashe maƙudan kuɗi ya ɗauko 'yan kwangila daga nesa su girka masa tsari, su karɓi kuɗinsu su tafi, bayan wata kaɗan abu ya tsaya babu wanda ya san kansa a cikin gida, ma'aikata su koma takarda da biro, a ce ai kwamfuta ba ta da amfani. Yaronmu da ya iya wannan aikin in ma an kira shi to firinta ce ta maƙale. Abin da ya fi ci mana rai shi ne tallan neman ma'aikata, za ka ga an rubuta ana son mai gogewar shekara biyu ko uku a aikin da na masu farawa ne, to don Allah a ina yaro zai samo gogewar in kowa ya rufe ƙofarsa? Har takardun shaidar ƙwarewa na duniya haka suke, CISA ta masu binciken tsarin kwamfuta sai mutum ya nuna shekara biyar ta aiki kafin a ba shi, ko da an yi masa rangwamen wasu shekarun saboda karatu, PMP ta masu jagorancin ayyuka tana neman wata 36 ga mai digiri. Yaro zai iya cin jarrabawar CCNA ta haɗa kwamfutoci ko Security+ ta tsaro daga aji, amma manyan sai ya shiga ofis. Shi ya sa muke sake roƙo, ranka ya daɗe, a buɗe musu ƙofar nan.

Abin da aji zai iya bayarwa muna bayarwa. Suna koyon SQL da Excel sosai ba sama-sama ba, da ɗan Python, wani harshen rubuta manhaja, da yadda ake haɗa kwamfutoci su yi magana da juna, da tsaro, wato waye ya kamata ya ga me, yaya ake ajiye kwafin bayanai a wani wurin daban kuma a riƙa gwada shi don a tabbatar zai dawo ranar da aka neme shi. Muna tilasta musu darasin akanta ko ba sa so, don wanda bai san bambancin ciniki da riba ba babu rahoton da zai haɗa wa manaja ya yi amfani. Muna koya musu rubutu, shafi ɗaya da shugaba zai karanta cikin minti biyar ya gane. Daga nan ne ake samun mai nazarin tsarin aiki, da mai kula da rumbun bayanai, da mai tsaro, da mai odit, da wanda zai jagoranci girka sabon tsari.

Sai dai akwai abin da ba mu da shi kuma ba za mu taɓa samu a aji ba. Bayanan da muke ba su na gwaji tsaf suke, mu muka shirya su. Na kamfani kuwa za ka tarar sunan kwastoma ɗaya an rubuta shi iri uku, rabin lambobin waya babu, kwanan wata wani ya fara da rana wani ya fara da wata, kaya ɗaya yana da lamba biyu. Ga mai sito da ya shekara ashirin a wurin yana da ɗan littafinsa a aljihu bai yarda da na'ura ba, kuma sau da yawa yana da gaskiya don ya san abin da na'urar ba ta sani ba, dole yaro ya koyi zama kusa da shi da ladabi ya saurara har ya gane dalilin da ya sa ake yin abu yadda ake yi kafin ya ce zai canza. Ga manajan da zai ce yana son rahoto amma shi kansa bai tantance tambayar da yake son a amsa masa ba, sai an bi shi a hankali. Ga amana, don mai wannan aikin yana ganin albashin kowa da bashin kowa da sirrin farashi, dole ya iya kame bakinsa. Waɗannan sai an gani da ido, gani ya kori ji. Yanzu kuma kowa na maganar ƙirƙirarriyar basira tun fitowar manhajar ChatGPT a ƙarshen 2022, kamfanoni na rige-rigen saye, amma ita ma abin da aka zuba mata shi za ta juya, in bayanan kamfani a hargitse suke amsar banza za ta bayar cikin ƙwarin gwiwa, don haka buƙatar masu gyara bayanai da tantance su ƙaruwa ma ta yi.

Mun san abin da masu kamfani ke tsoro, sirrinsu ne, kuma suna da hujja. Mun tanadi takardar alkawarin riƙe sirri da kowane ɗalibi zai sa wa hannu tare da mai tsaya masa, a ba shi izinin ganin iya abin da aikinsa ya shafa kawai, malaminsa zai riƙa zuwa duba shi, wanda ya saɓa a koro mana shi mu za mu hukunta shi da kanmu. Ba albashi muke nema musu ba, ɗan kuɗin mota ya isa, abin da muka fi so shi ne a haɗa kowane yaro da ma'aikaci ɗaya da zai riƙa nuna masa, a ba shi aiki na gaske komai ƙanƙantarsa, kar a mai da shi ɗan aike, in ya gama a ba shi takardar shaida mai hatimin kamfani. Kuma a haɗa da 'yan matan, kar a zaɓi maza zalla.

Muna da wasu ƙananan buƙatu, kwamfutocin da kamfanoni suka daina amfani da su in an goge bayanan ciki muna so, muna kuma son manajoji su riƙa leƙo mu suna gaya wa yara abin da ake nema a wurin intabiyu, su duba manhajar karatunmu su ce mana ga abin da ya tsufa. Amma ranka ya daɗe in abu ɗaya tak za ka ɗauka daga wannan zauren, to koyon aikin nan ne. Akwai rukunin da ke gab da kammalawa, ga su can zaune a gefen dama, iyayensu sun sayar da abin da suke da shi sun biya musu, in suka fita ba inda za su sa ƙafa to abin da suka koya zai fara zubewa tun kafin shekara ta zagayo, mun ga hakan ya faru da na gabansu kuma ba ma son a maimaita.

Daftarin yarjejeniyar na hannun sakataren kwamiti da jerin sunayen ɗaliban da fannin da kowa ya fi ƙwarewa, za a miƙa maka yanzu. Muna roƙo ka gabatar da shi a zaman ƙungiyarku mai zuwa, ka kuma naɗa mana mutum ɗaya daga ofishinka da za mu riƙa tuntuɓa, in da hali mu ji sunansa yau kafin ka tashi.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya albarkaci dukiyarka da iyalinka, ya mai da kai da tawagarka gida lafiya. Mun gode, mun gode ƙwarai.

Wassalamu alaikum.

Kwamitin tarbar baƙi, a madadin malamai da ɗalibai.