Majigin aljihu da zan kai ma Inna Argungu

Assalamu alaikum jama'a, mutanen Kabi ina gaisuwa, yau ga ni a Shenzen ƙasar Caina cikin kasuwar kayan lantarki ta Huaqiangbei, tun safe nike hawa bene ina sauka ƙafafuna har sun yi tsami, duk kan abu guda, majigi.

Eh majigi dai, irin wanda Baffa ke ba mu labari motar gwamnati na zuwa da shi zamanin En'e, a kafa farin ƙyalle a fili gari duk ya taru. To yanzu ga shi a tafin hannuna, bai fi gwangwanin lemu ba, da batirinshi da sifikarshi a ciki. Abin da ya sa ni nema, duk bidiyon jikoki da na tura gida sai a taru kan wayar ƙanena mutum goma kai da kai, Inna kuma ido ya yi rauni, sai ta ce "ni dai muryarsu kaɗai nike ji". Maganar nan ta daɗe tana cina.

To ku saurara da kyau don nan ake cin kuɗin mutane. Shagon farko kwalin an rubuta lumen 9000, wato awon ƙarfin haske, da manyan baƙaƙe, na ce a kunna mani, wallahi hoton ya fito dishi-dishi kamar hazon hunturu. Wanga da ke hannuna 200 kacal aka rubuta amma da ANSI a jiki, kuma ya fi wancan haske nesa ba kusa ba, don ANSI shi ne ma'aunin da ake auna hasken da ya sauka kan bango a wurare 9 a fidda matsakaici, sauran kowa abin da ya ga dama yake bugawa. Haka maganar 1080p, wato awon yadda hoto ke fita tar, wani zai ce ma yana karɓar 1080p alhali abin da yake fitarwa 480p ne, to ka tambayi ainihin wanda yake haskawa.

Kuma kar wanda ya ruɗe ku, wanga abu da rana ba ya aiki, sai bayan magariba ko cikin ɗaki an saki labule. Bari ku gani, na ja baya kamar mita 2 hoton ya kusa inci 70, in na ƙara ja yana ƙara girma amma hasken na dusashewa. Bangon gidanmu jar ƙasa ne, dole Inna ta ara mana farin zanen gado a ɗaure da igiyar shanya.

Haɗa shi da waya kuma, akwai ta iska wato Miracast ga masu Android, AirPlay ga masu iPhone, ni dai na fi yarda da igiyar HDMI don ba ta katsewa, sai dai ba kowace waya mai bakin caji na USB-C ke fidda hoto ta igiya ba, gara ka zo da wayarka a jarraba gabanka. Manhajojin fim na biyan kuɗi da yawa in ka haska su daga waya baƙi ƙirin za ka gani sai murya, kariya ce suka sa. Bidiyon biki da na suna da wa'azin da ka sauke kam lafiya lau, ko ka zuba su a filash ka soka.

Batirin awa 2 da ɗan kai yake yi, in an ɗauke wuta sai a jona da fawa bank. Ku tuna abu mai batirin litiyom a jakar hannu ya fi, fawa bank ma ba a yarda ta shiga kayan ƙasan jirgi ba sam.

Na biya, ana naɗe mani shi yanzu. Ƙanena in kana kallo, kar ka gaya ma Inna, kuma ba na kai shi shagon kallon ƙwallo ba ne.